Stroud ko Kreyszig, Theraja ko Hughes: wane littafi ɗalibin injiniya zai sa wa kuɗinsa?

Ƙannena da ke karatun injiniya, ko a Samaru kuke ko BUK ko ATBU ko Minna ko Kaduna Poly, matsalar dai ɗaya ce duk farkon semesta, lakcara ya shigo ya jero sunayen littattafai har allo ya cika, kai kuma abin da ke aljihunka in ka cire na abinci da na handawut da na data bai wuce kuɗin littafi ɗaya ba, in an matsa biyu. Sai a shiga guruf ana tambaya wanne ya fi, kowa ya jefo sunan wanda ya sani. Ni a ganina tambayar nan ba ta amsuwa sai ka fara sanin aikin da kake so littafin ya yi maka, don ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai wanda aka rubuta don ya zaunar da kai ya koya maka daga tushe, akwai wanda aka cika da misalai don ka haye jarabawa, akwai kuma wanda ba a karanta shi ma sam, buɗewa ake a ɗauki lamba ɗaya a rufe a koma bakin aiki. Yawancin kuɗin da ɗalibai ke asara a nan yake tafiya, yaro ɗan aji biyu ya sayi ƙaton littafin da injiniya mai shekara goma a fil ke dubawa, ya ajiye shi a kan akwati yana shan ƙura, alhali lissafin da ke kayar da shi bai da littafinsa.

To bari mu fara da lissafin, tunda shi ne ya haɗa kowa, ɗan sibil da ɗan lantarki da ɗan mekanikal duk a aji ɗaya ake zama, kuma shi ne ya fi jawo wa mutane keri-oba.

Engineering Mathematics na K.A. Stroud ya fara fitowa a 1970, mutumin malami ne a Coventry ta Ingila, daga baya Dexter Booth ya ci gaba da sabunta shi. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda aka tsara shafin. Ba dogon bayani ake zuba maka ba, an yanka darasin gutsi-gutsi an sa wa kowane gutsure lamba, a yi maka bayani layi huɗu ko biyar, a yi misali ɗaya, sai a ce to kai ma yi wannan, amsar tana saman gutsure na gaba a cikin ɗan akwati. Yadda ake cin moriyarsa shi ne ka sa takarda ka rufe ƙasan shafin, ka riƙe biro, ka yi da hannunka, sannan ka ja takardar ka gani. In ka yi daidai ka wuce, in ka kuskure a take za ka ga inda ƙafarka ta zame tun kafin kuskuren ya yi jijiya. Wallahi wanda ya fito daga sakandaren da ba a koyar da Further Maths ba, ya zo ya tarar ana zancen intigireshin kamar kowa da shi aka haife shi, ban san littafin da zai riƙe hannunsa kamar wannan ba. Amma fa yana da iyaka, Stroud zai koya maka yadda ake yi, bai cika tsayawa kan dalilin da ya sa hanyar ke aiki ba, kuma yana da saurin cika shafi da abu kaɗan, shi ya sa yake da kauri sosai.

Advanced Engineering Mathematics na Erwin Kreyszig wani abu ne daban. Ya fara fitowa a 1962, bugu na goma ya fito a 2011, kuma babinsa na farko ma da difarenshiyal ikweshin ya buɗe, wato ya ɗauka kalkulas ɗinka ya riga ya zauna. Daga nan ya bi ta Laplace, matiris, bekta, Fourier, lambobin kwamfiles, hanyoyin lissafi da kwamfuta, har zuwa furobabiliti, duk a littafi ɗaya, kuma yana gaya maka sharuɗɗan da hanya ke aiki da inda take daina aiki, abin da Stroud kan tsallake. Matsalarsa ga mai karatu shi kaɗai a hostel ita ce yakan haɗa mataki uku a layi ɗaya ya bar ka ka cike gurbin da kanka, sannan amsoshin da ke bayan littafin na tambayoyi masu lambar mara ne kawai, ɗaya uku biyar, in malami ya ba ka ta shida sai dai ka dogara da kanka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda tushensa bai yi ƙwari ba in ya fara da Kreyszig zai ɗauka shi ne ba ya ja, alhali littafin ne ba lokacinsa ba. Don haka ni dai shawarata ba ta da kwana, aji ɗaya da aji biyu Stroud, ka saya na takarda ka yi ta rubutu a gefensa. Kreyszig daga aji uku zuwa sama, musamman ɗan lantarki da zai shiga kontorol da sigina, da duk mai niyyar mastas, shi ma in laburare na da shi ba dole ka saya ba.

A kula da abu ɗaya a wurin mai sayar da littafi, sunan Advanced Engineering Mathematics ba Kreyszig kaɗai ke da shi ba, littafin Stroud na biyu ma sunansa ke nan yanzu, na H.K. Dass ɗan Indiya ma haka, to ka faɗi sunan marubucin kar a miƙo maka wani. Ɗan poly mai ND kuma, ko duk wanda yake jin Stroud ɗin ma ya yi masa yawa, littattafan John Bird sun fi sauƙin shiga, gajeren bayani, misali da yawa, kuma misalan nasa na injiniya ne zalla.

A lantarki rigimar tsakanin Theraja ne da Hughes. A Textbook of Electrical Technology na B.L. Theraja da A.K. Theraja juzu'i huɗu ne, na ɗaya tushen lantarki, na biyu injinan AC da DC, na uku turawa da rarraba wuta, na huɗu ilektironik, kuma gaskiya na biyun nan shi ne wanda ya fi yawo a hannun ɗalibanmu. Dalili a fili yake, ka buɗe babin taransifoma za ka tarar da misali bayan misali an warware su har ƙasa, a ƙarshen kowace tambaya an rubuta sunan jami'ar Indiya da shekarar da aka yi ta a jarabawa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tambayoyin da ake yi mana a nan sau da yawa kamarsu ɗaya, lambobi kawai ake canzawa. Ga mai jarabawa nan da sati uku babu kamarsa. Inda nake jin tsoronsa shi ne yana iya sa mutum ya haddace hanyar warware tambaya iri ashirin ba tare da ya san me ke faruwa a cikin ƙarfen taransifoma ba, ka tambaye shi me ya sa ake yin gwajin buɗaɗɗiyar da'ira a ɓangaren ƙaramin boltej sai ya tsaya yana kallonka, ga shi kuma akan ci karo da kuskuren bugu a lambobi nan da can, in amsarka ta ƙi zuwa daidai da tasu ka sake bi a hankali kafin ka yanke cewa kai ne ka kuskure. Shi kuwa Hughes, na Edward Hughes da ya fara fitowa a 1960, bayaninsa a natse yake, yana gina maka hoton abin a kai kafin ya kawo fomula, misalansa ba su kai na Theraja yawa ba amma wanda ya karanta babi ɗaya a Hughes sannan ya je ya yi atisaye a Theraja, shi ne wanda zai ci jarabawar kuma ya tsaya gaban fanel ranar SIWES, wato zuwa koyon aiki a masana'anta, bai ruɗe ba. In ɗaya kawai za ka iya saya, ka duba kanka da gaskiya, in lakcaranka na bayani sosai a aji ka sayi Theraja juzu'i na biyu don atisaye, in kuwa irin mai karanto nos ne ya fita, Hughes ya fi maka amfani, Theraja ba za ka rasa wanda za ka ara a wurinsa ba.

Masu son haɗa sakit da hannu, The Art of Electronics na Horowitz da Hill, bugu na uku 2015, littafi ne mai daɗi ƙwarai amma ba na jarabawa ba ne, na mai riƙe da ayan ɗin soda ne yana son ya san wane taransisto zai saka. Na aji shi ne littafin ilektironik na Sedra da Smith.

Yanzu ga abin da ɗalibin lantarki ba ya ji a aji sai ya fita. Ranar da aka ba ka wayarin ɗin gida ko asibiti, ba Theraja ba Hughes, abin da za ka buɗe shi ne ƙa'idar wayarin ta BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018, da ɗan ƙaramin On-Site Guide da ke tafiya da ita, sai kuma dokokin NESIS na 2015 da hukumar kula da lantarki ta NERC ta fitar a nan gida. Ka ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye, teburan da ke nuna yawan karent da waya za ta ɗauka an gina su ne a kan zafin iska digiri 30, mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ana wuce 40 a inuwa, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Akwai wani tebur a littafin da ke ba ka lambar ragewa, wayar PVC a digiri 40 za ka ninka da 0.87, a 45 kuma 0.79, wato wayar da tebur ya ce za ta ɗauki amfiya 27 a gaskiya ba ta wuce 21 da ɗoriya a irin wannan zafin. Wanda bai san da wannan shafin ba zai zaɓi waya daidai a takarda ta riƙa ɗaukar zafi a bango, kuma irin haka na cikin abin da ke haddasa gobara. Wannan ne ma ya sa nake hana mutane dogara da littattafan wayarin na Amurka, su boltej 120 ne da hez 60 da ma'aunin waya na AWG, mu 230 ne da hez 50 da milimita sukwaya, ko injin moto na lantarki mai pol huɗu a can filin maganadisunsa zagaye 1800 yake yi a minti, a nan 1500. Ka karanta su don fahimta, amma kar ka ɗauko lamba daga ciki ka kai sayit.

Mekanikal labarin kusan iri ɗaya ne. Machine Design na Khurmi da Gupta shi ne Therajan wannan ɓangaren, sauƙin Turanci, mataki-mataki, ka zana shaft ko kofulin ko giya ka bi layi har ka iso amsa. Shigley, wanda ya fara fitowa a 1963 kuma yanzu Budynas da Nisbett ke riƙe da shi, ya fi nauyi amma ya fi gaskiya game da yadda ƙarfe ke mutuwa, babinsa na gajiyar ƙarfe kaɗai ya isa dalilin mallakarsa, yana nuna maka yadda laushin fuskar ƙarfe da girmansa da zafi da ɗan lungun da aka yanka don makulli duk suke rage masa kwana, shi ya sa shaft ɗin injin niƙa ke karyewa a daidai wurin da kauri ya canza ba a tsakiya ba. Furojet ɗin aji biyar, Shigley, kuma ka nemi bugun da aka yi da ma'aunin SI, wato na mita da kilo, don kar ka ɓata dare kana mayar da inci da fam. Jarabawar aji uku da huɗu, Khurmi ya isa.

Machinery's Handbook kuma tun 1914 ake buga shi, shafi ya doshi dubu uku, duk abin da ya shafi zaren noti, giya, boris, gudun yankan ƙarfe, yana ciki. Ɗalibi ba ya buƙatar sayensa, wannan na wanda ya kama aiki a masana'anta ne ko ya buɗe wokshop nasa. Abin da za ka riƙa nema kullum, misali za ka yanka zaren M10 wane bakin diril za ka fara hudawa da shi, amsar milimita 8.5, yana cikin ɗan littafin aljihu na Zeus da bai fi tafin hannu ba. Wanda kuwa ba a yi maka uzuri a kansa shi ne siririn teburin tururi na Rogers da Mayhew, ɗan ƙarami ne ba tsada, kuma da irinsa ake shiga jarabawar tamodainamiks, in tun farkon semesta da shi kake atisaye hannunka zai san shafin da zai je, wanda ya saba da na cikin wayar salula ranar jarabawa sai ya ci minti goma yana neman inda tururi mai tsananin zafi yake.

Sibil ne na fi so a natsu a kansa, don a nan zaɓin littafi zaɓin kod ne, wato ƙa'idar da ake bi wurin lissafin gini, kuma kuskure a nan dekin ne ke saukowa kan mutane. Ingila ta janye BS 8110 a 2010 ta koma Eurocode 2, amma a Najeriya har gobe ofisoshi da yawa da BS 8110 suke zane, makarantu kuma wasu sun koma sabon wasu suna kan tsohon, wani lokacin ma a sashe ɗaya malami biyu kowa da nasa. Bambancin ba na suna ba ne kawai. A BS 8110 nauyin gini na dindindin ana ninka shi da 1.4, nauyin mutane da kaya da 1.6, a Eurocode 1.35 ne da 1.5. A tsohon ƙarfin kankare da samfur mai siffar kiyub ake auna shi, a sabon da mai siffar silinda, shi ya sa za ka ga an rubuta C25/30, 25 na silinda 30 na kiyub, to wanda ya ɗauki sakamakon kiyub daga lab ya zuba shi kai tsaye a fomular Eurocode ya ba kankarensa ƙarfin da ba shi da shi. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka buɗe shafin farko ka ga da wane kod aka rubuta. Reinforced Concrete Design na Mosley da Bungey misali ne mai kyau, bugu na biyar BS 8110 ne, daga na shida na 2007 ya koma Eurocode 2, suna ɗaya marubuta kusan ɗaya amma lissafin ciki ya canza. Shi ne mafi kyau wurin fahimtar daga ina fomular bim ta fito da dalilin sa rodin linki kusa-kusa a bakin fila.

Simplified Reinforced Concrete Design na Injiniya Victor Oyenuga kuwa namu ne na gida, kuma amfaninsa a nan yake, ya rubuta shi ne kamar yadda ake aiki a ofishin kwansaltan a Najeriya, ka ɗauki gini ka bi shi daga silab zuwa bim zuwa fila zuwa fandesho, da nauyin bulo irin wanda muke gini da shi, har yadda ake jera lissafin a takarda da yadda ake fitar da jadawalin lanƙwasa rodi. Wanda zai tafi SIWES ko bautar ƙasa a ofishin zane, ranar farko da aka ajiye masa zanen akitek aka ce fitar mana da sitirakca, wannan littafin ne zai cece shi, Mosley zai ba shi ilimin amma ba zai nuna masa ta ina ake farawa ba. Sannan akwai abin da sai a nan ake sani, littattafan Ingila na tsohon kod suna ɗaukar ƙarfin rodi 460, masu zane da yawa a nan suna saukar da shi zuwa 410 saboda ba kowane rodin kasuwa ke cika abin da aka rubuta a jikinsa ba, kuma ko da hakan a kai samfur lab a ja shi a gani. Reynolds, wato Reinforced Concrete Designer's Handbook da ya fara fitowa a 1932, shi ne na ukun, tebura ne da zane-zane na tankin ruwa, bangon tare ƙasa, kwalbati, silab mai siffa iri-iri, ba ya koyarwa, tunatarwa yake yi. Ka bar shi sai ka fara karɓar albashi, in ka tashi kuma bugu na 11 ya haɗa kod biyun. 'Yan'uwanmu da ke karatu a makarantar injiniya ta EMIG a Yamai su tasu hanyar daban ce, tsarin Faransa suke bi da ƙa'idar BAEL 91, duk wanda zai ƙetara ya yi aiki a Maraɗi ko Damagaram ya san da haka tun kafin ya ɗauki zanensa ya tafi.

'Yan kemikal ba zan daɗe a kanku ba. Perry, wato Chemical Engineers' Handbook, tun 1934, taska ce ta bayanan sinadarai da na'urori, ana duba ta ne, kuma kusan kowace laburaren sashe tana da ita. Abin koyo shi ne Coulson da Richardson, juzu'i na ɗaya da na biyu don aji, na shida wanda Sinnott ya rubuta don furojet ɗin zana masana'anta, in kuɗin littafi ɗaya gare ka a aji biyar ka sa shi a na shidan nan.

Sai maganar takarda da PDF, don na san wani zai ce ai duk suna wayata. Suna nan ɗin, amma wanda za ka yi atisaye da shi kullum kamar Stroud ko Mosley karanta shi a fuskar waya azaba ce, ga saƙonni na shigowa, ga caji na ƙarewa a daren da ba wuta, zane yana shafi ɗaya bayaninsa yana wani shafin kana ta ja sama da ƙasa. Wanda ake dubawa jefi-jefi irin Perry ko Machinery's Handbook shi ya fi dacewa da kwamfuta, tunda za ka rubuta kalma ta kai ka wurin, kuma ku tambayi ɓangaren intanet na laburarenku, makarantu da yawa suna biyan kuɗin rumbunan littattafai ɗalibai ba su ma sani ba. Batun bugu kuma, lissafi da tamodainamiks da ƙarfin kayan gini ba su canza ba, Stroud ko Hughes ko Shigley na hannu da wani mai fita ya sayar maka da rabin kuɗi zai yi maka aiki tsaf, sai dai lambar tambayoyin asaimen ta iya bambanta da ta malam, wannan ka daidaita da na abokinka. Amma duk abin da ya rataya a kan kod, kankare, ƙarfen gini, wayarin, a nan kar ka yi arha, ka sayi wanda ya dace da abin da sashenku ko ofishinku ke amfani da shi. In kuma a teburin bakin get za ka saya, dan Allah ka buɗe tsakiyar littafin ka duba tebura da ƙananan lambobin da ke saman haruffa da ƙasansu, bugun jabu a nan yake tona kansa, tawada ta cushe 3 ta koma 8, ɗigon desimal ya ɓace, wani lokacin shafi goma sha shida cur babu su ko an maimaita su, ka ƙirga lambobin shafi a wuri biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗi.